Shekarar Da Aka Zaɓi Mai Sulhu A Hindawiyya

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, a nan na tsufa. Aikina zuba gahawa a gidajen biki.

Mutanenmu ba sa son kotu. Wanda iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu ba ya kai kansa gaban hukuma. Shi ya sa muke da mai sulhu, dattijon da ake kai wa rigimar aure da gado. Abin da ya yanke ya yanku. Da tsohon ya rasu, maza suka tsayar da wani mai ofishin gyaran takardu. Ya iya magana, ya san kafilai, 'yan ƙasa masu tsaya wa baƙo ya samu iƙama.

Sai wata mai wanki ta ce ba ta yarda ba. Ta ce tana budurwa ta je ofishinsa neman takarda, ya sa wa ƙofa sakata, ya yi mata abin da ya yi.

Unguwa ta rabu. Haifaffun Jidda suna bayansa, nasu ne. 'Yan kwangilar da suka zo daga Najeriya suna da nasu mutumin, sai suka riƙe maganar matar suna dukansa da ita. Babu wanda ya leƙa ɗakinta.

A kicin ɗin wani biki na ji mata suna yi.

"Duk shekarun nan tana ina? Sai da za a ba shi kujera?"

"Haba Yaya, da ta faɗa a lokacin, wa zai aure ta?"

"To, da ta yi shirun, wa ya aure ta?"

Aka kwashe da dariya. Ni ina wanke kofuna. Na san ƙofar nan. Koriya ce, sakatarta a sama take, sai ya yi ɗage yake kai wa. Har mijina ya rasu bai san ni ma an taɓa rufe ta a kaina ba.

Mai wankin ta tare ni a bakin titi. Ta ce, "Yaya, na ga fuskarki ranar da na ambaci sakata. Mace ɗaya, mahaukaciya ce. In mun zama biyu, dole a saurara."

Na wuce abina. Takardun ɗana suna ofishin mutumin nan, ana nema masa sabon kafili a wani kanti a unguwar Safa. In bai samu ba, ranar da aka kama shi Najeriya za a tura shi, ƙasar da bai taɓa gani ba. Hausar ma da ƙyar yake haɗawa.

Kafin taron zaɓen, matar mutumin ta zo gidana bayan la'asar. Na zuba mata gahawa. Ta karɓa, ta ajiye a ƙasa ba ta sha ba. Al'ada ce da muka ɗauka wurin Larabawa: baƙon da ya ajiye kofinsa da buƙata ya zo, ba zai sha ba sai an yi masa alƙawari. Na sha ganin haka a wurin aiki, bakina ya saba da amsar. Kafin in yi tunani na ce, "Sha, Hajiya, buƙatarki ta biya."

Ta shanye. Ta ce, "Ranar taro ki zauna a gida, ƙanwata. Halas, shi ke nan."

Ban zauna ba. Na je, na tsaya bayan labule wajen mata, na faɗi launin ƙofar da inda sakatar take.

Matar mutumin ta miƙe ta ce a tambaye ni ko ban yi mata alƙawari a kan gahawa ba. Na ce na yi. Daga nan aka bar maganar ƙofa. Wani dattijo ya ce matar da ta karya alƙawarin gahawa, da me za a auna shaidarta? 'Yan kwangila ba su san al'adar ba, suna ta tambaya mene ne laifin. Kafin a gama yi musu bayani an kira magariba, aka tashi.

An ba mutumin kujerar. Takardun ɗana suka dawo kamar yadda aka kai su. Ɗan nawa bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Da kin gaya mini tun farko, Umma." Ban san abin da zai yi ba da na gaya masa.

Yanzu yana ɗaukar kaya a unguwar Bani Malik, ta lungu yake bi in ya hango motar 'yan sanda. Mai wankin ta bar unguwa. Gidajen da suke kirana biki sun ragu. Waɗanda suka kira, ina zuwa.