Yadda Tayar Okada Ta Shaƙe Ni da Rigata a Hanyar Ogba

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Laraba muka tashi daga Funtua, ni da surukina da wani maƙwabcina mai fataucin albasa. Dalilin tafiyar ɗaya ne. Za a ɗaura auren 'yar yayana marigayi a Legas bayan sallar Juma'a, kuma ni kaɗai na rage a iyayenta maza, don haka ni ne waliyyi.

Hanya ba ta da kyau, musamman kafin Mokwa, inda manyan motoci suka tsare mu awanni. A Jebba muka ci doya da ƙwai, ƙwan ya fi doyar tsada, kuma sai an yi bincike a gan shi. Mun shiga Agege ranar Alhamis da la'asar. Na yi mamakin unguwar. Ga mai tsire, ga mai shayi, ga yara suna fara magana da Hausa su ƙarasa ta da Yarbanci.

Ranar Juma'a na saka babbar rigata ta farar shadda, wadda ta yi kwana uku a wurin masu bugu. Masallacin yana Ogba. Ƙarfe ɗaya saura muka shiga danfo, wato ƙaramar bas ɗinsu mai ruwan ɗorawa. Har ɗaya da rabi ba mu yi tafiyar kirki ba. Surukina ya ce in sauka in hau okada, wato acaɓa, su za su biyo ni.

Na samu wani mai okada, Bahaushe ɗan Kabi. Ya dubi rigar ya ce, "Baba Alhaji, tattara ta ka zauna a kai."

Na ce, "Ka san wahalar bugun nan? Ja mu tafi."

Wannan shi ne kuskuren, kuma nawa ne.

Abu na farko, babu hular kwano, ba tasa ba tawa. Na biyu, wurin zaman ya tsage, ƙarfe na cin ƙashina a kowane rami. Muna ratsawa tsakanin motoci, madubinsu na gogar gwiwata, ruwan kwata na fallatsowa. Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Sai muka fito babban titi, inda aka hana okada bi. Ya hango masu kama babura a gaba, ya juya da gudu ya shiga hannun da motoci ke tahowa.

A juyawar nan iska ta kwashe hannun rigata ta cusa shi cikin tayar baya. Na ji an fizge ni ta wuya kamar ragon da aka ja da igiya. Babur ya kwanta. Na faɗi rigingine a gefen titi, taya ta naɗe rigar, wuyanta ya shaƙe ni. Ina jin ihu, ina jin ƙarar birki kusa da kaina, amma iska ba ta shiga. Mai okadan yana ta salati yana jan rigar, ashe ƙara matse ni yake yi.

Wata Bayarabiya mai sayar da abarba ta rugo da wuƙarta. Abin da har yau yake girgiza ni shi ne, a wannan halin na ɗaga hannu in hana ta yanka shaddar. Ta buge hannun ta ce da Hausa, "Alhaji, riga ko rai?" Ta tsarge ta daga wuya har ciki. Sai na ji numfashi ya dawo.

Wani mai shago ya ba ni aron jallabiya wadda ta tsaya mini a ƙwauri. Da ƙafa na ƙarasa. Na rasa jam'i, amma na tarar ana jiran waliyyi. Da liman ya tambaya ko na bayar, murya ta ƙi fita. Sai da ya kara kunnensa a bakina, sannan ya shaida wa jama'a. Aka shafa fatiha.

Mun dawo Funtua ranar Litinin da dare. Wuyana yana da zobe baƙi, kuma mako guda kunu kawai nake iya haɗiya. Na tafi ina ganin na fi wannan mai okada sanin ya kamata, alhali shi ya faɗi gaskiya tun kafin ya tayar da babur.

Ina roƙonka, mai karatu. Kafin ka hau babur, a Legas ko a ƙauyenku, ka cire babbar riga ka naɗe ta a cinyarka. Kuma yau ɗin nan ka gaya wa matarka da 'ya'yanka mata in za su hau babur su tattare hijabinsu su zauna a kai.