Kindirmon da na kasa bari ya kwanta

Shekarar da maigidana ya yi zazzaɓin taifot, magani ya kori ciwon amma ya bar masa ciki a lalace. Duk abin da na dafa sai ya ture kwano. Likita ta ce in riƙa ba shi kindirmo, yana taimaka wa hanji ya dawo daidai.

Na kasa zama. Daga unguwarmu Barunde na hau Keke Napep zuwa unguwar Jekadafari, wurin wata tsohuwar Bafulatana da ke ajiye ƙwaryarta a gindin dalbejiya. Ba ta nan. Wani mai shago da ke kusa ya ce ta koma Pantami wajen ɗanta. Na bi lungu-lungu ina tambaya har na same ta, nono kuwa ya ƙare.

"Kwantar da hankalinki, 'yata," in ji ta. Ta kankaro ɗan abin da ya rage a gindin ƙwarya, ta haɗa mini da madara. "Ki tafasa, in ta huce ki zuba wannan ki rufe. Kada ki dame shi."

Na koma gida na haɗa na rufe, amma ni kuwa na dame shi. In leƙa maigida, in dawo in ɗaga faifai, in girgiza. Washegari ya kwanta duk da haka, sai dai ya tsinke kaɗan. Maigida ya kurɓa, ya ɓata fuska don tsami, sannan ya miƙo kofin ya ce, "Ƙaro mini."