Dankalin da Asahel Ya Cinye

To ai shi ya sa nake ce maka kar ka zagi mai kwaɗayi a gabana. Ni Orpha Pruitt jinin mai kwaɗayi ce, kuma gonar da nake taka ƙafa a kai yau, rabinta aikinsa ne.

Asahel Pruitt, kakan babana, da matarsa Keziah sun baro gabas da amalanken shanu, yara uku da tukunya ɗaya, suka nufo dajin Ohio. Masu rabon fili sun ce ga eka ɗari kyauta, amma da sharaɗi: cikin shekara uku a ga bishiyar tuffa hamsin a tsaye, in ba haka ba a tattara a bar musu wurinsu. Wurinsu wai. Mutanen da aka kora daga dajin kafin a raba shi, ba wanda ya tambaye su, amma wannan ba a son ina faɗa a gidanmu.

Ranar tafiya uwar Keziah ta yanko tsinken reshe goma sha biyu daga tuffar ƙofar gidanta, ta soka kowanne cikin dankali don kada ya bushe. Iyakar gadon ke nan.

Sati na biyar a hanya gari ya ƙare. Keziah ta gangara rafi, ta dawo ta tarar da ƙamshin gasasshen dankali. Tara sun tafi, Asahel da yara sun lashe. Ukun da suka tsira a aljihunta suke.

"Asahel! Gonar tamu ka gasa?"

"Haba Keziah, dankali ne fa."

"Dankali ne a bakinka, sarkin ciki! Ina rassan?"

Ya tsura wa toka ido. Daga ranar sunansa ya koma Ci-Dankali, har a bakin maƙwabta.

Da suka isa, ta yi wa rassa ukun nan aure da tuffar daji, mai tsamin da ko alade sai ya yamutsa fuska. Ta roƙo 'ya'yan tuffa wurin wata tsohuwa a bakin kogi ta shuka, shekara na zagayowa ta yanko daga ukun ta aura wa ƙananan. Shi kuwa Asahel sara da noma, ba ya cewa uffan. Sai dai kullum da hantsi ya ɗau guga ya ɓace bayan tudu.

"Ina kuma za ka, Ci-Dankali?"

"Zagayawa."

"Da guga? Allah ya sawwaƙe wa cikin nan naka."

A shekara ta uku tana da hamsin da huɗu. Sai sanyi ya yi tsanani, bareyi suka rasa ciyawa, suka shigo suka gwaigwaye ɓawon biyar har suka mutu. Saura arba'in da tara, ga mai ƙirga yana tafe.

Ya zo a kan doki, wani siriri mai tari. Ya ƙirga sau biyu. Keziah ta bi shi tana nuna masa kututturan da suka bushe.

"Yallaɓai, dubi nan, da ransu bareyi suka kashe su."

"Baiwar Allah, ni masu rai aka aiko ni ƙirgawa. Arba'in da tara."

Ta dubi ɗakin gungumen da suka gina, ta dubi kabarin autarsu da zazzaɓi ya ɗauke bara. Ta zauna a ƙasa.

Sai Asahel ya yi gyaran murya. "Bayan tudun can, cikin filinmu ne ko?"

"Har bakin rafi."

"To mu je."

A can, cikin shingen ƙaya da ya fi mutum tsayi, ga tuffa ɗaya ta fi duk na Keziah girma, har ta yi fure. Ashe ranar gashin nan bai jefa rassan a wuta ba. Ya cusa su cikin hularsa da jiƙaƙƙen gansakuka, takwas suka mutu, ɗaya ya yi rai. Ya saci kallon yadda take auren, ya je ya yi nasa a ɓoye.

"Hamsin," in ji mai tari, ya rubuta.

Keziah ta juya ga mijinta. "Shekara uku ina zaginka, ka kasa buɗe baki?"

"In na faɗa ta mutu fa? Ci-Dankali ma ya ishe ni."

Ta kai masa duka a kafaɗa, sannan ta riƙe rigarsa ta fashe da kuka. Sunan dai ba ta daina ba har ya mutu, sai dai tun daga ranar shi ake fara zuba wa abinci.

'Ya'yansu takwas suka rayu a filin nan, kakana Lemuel ne na shida. Bishiyar ta faɗi ina 'yar shekara tara, amma jikokinta sun cika gonar, kuma duk lokacin kaka in na gatsa tuffar farko sai na ce Allah ya ji ƙan Keziah mai baki, ya ji ƙan Asahel mai ciki. Ba don su biyun ba da yanzu wankin wasu nake yi a gari.

Kai fa da kake zagin mai kwaɗayi, taka ɓarnar da ka yi, ka taɓa komawa da guga ka gyara ba tare da ka tara mutane su gani ba?