Tsirkiyar da Ba a Canza Ba

Ina sharar ɗakin yayana da hantsi, sai babbar tsirkiyar gitarsa ta bas ta yi gunji ita kaɗai a jikin bango, ta tsinke.

Shi ke kaɗa wa samariya, ƙungiyar matasan garinmu Keita. Duk ƙarshen damina yake canza tsirkiya, don tsatsa na kashe muryarta. Da zai tafi Abijan ya ce kar kowa ya canza sai ya dawo. Damina uku, babu wasiƙa.

Inna ta leƙo. "Ke, kin taɓa ta?"

"Wallahi ban taɓa ba, Inna."

Ta daɗe tana kallonta. "Hiddo tabarmi. Baƙi na tahe."

Kafin la'asar mai saƙon rasuwarsa ya yi sallama.

Har yau na kasa tambayarta yadda ta sani. Da ku ne, za ku tambaya?