Oba-oba Biyu da Ba Sa Jin Juna

Ranar Talata, 9 ga watan Yuli, da hantsi, aka bugo mini waya cewa rufin wani babban sito ya rufta maka kana kashe gobara. Sau uku na sa aka maimaita. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na rubuta daftarin dokar da za ta tilasta wa 'yan kwana-kwana, 'yan sanda da motocin asibiti hawa layin sadarwa guda, a kuma kafa hukumar da za ta sa ido. Har na yi ritaya daga majalisa bai wuce karatu na biyu ba.

A zaman jin ra'ayin jama'a na fara ganinka. Ka ajiye oba-oba biyu a kan tebur, taku ta 'yan kwana-kwana da ta 'yan sanda, gefe da gefe. Ka danna taku ka ce, "Ranku ya daɗe, kuna ji na?" Ɗayar ko tari ba ta yi ba. Aka yi dariya, aka tafa, aka tashi cin abinci.

Da ka gaji da jiranmu, sai ka bi mutanenka da 'yan sandan yankinku ka raba musu usur: busa uku, kowa ya fito. Daga nan aka laƙa maka Mai Usur. Duk wata kana kawo mini maganin hawan jini, tun daga ƙofa kana tsokana: "Baba, ina dokarmu? Ko gara ta riga su karanta ta?"

Ranar Talatar, wani sajan na 'yan sanda da ke bayan siton ya ga ƙarfen rufin yana lanƙwashewa. Ya yi ihu a oba-obarsa. 'Yan sandan gari kaf suka ji, ban da kai da ke ciki. Satin sajan ɗin ɗaya da canjin wurin aiki zuwa yankinku, ba wanda ya tuna ya ba shi usur. Sai ya ruga da ƙafa.

Allah Ya jiƙan ka, ɗana, Ya sa wutar da ka yi ta kashewa ta zama ita ce iyakar wadda za ka gani. Ina yi wa mahaifiyarka, mai ɗakinka da 'ya'yanka mata uku ta'aziyya. Na je gidan, na kasa haɗa ido da su.

Jiya na auna wurin da kaina. Daga inda sajan yake zuwa ƙofar da ka shiga, taku sittin ne. Bai kai ba. Shekarunka arba'in da huɗu.