Abin da Na Ƙi Sa wa Manoman Tabla a Salula

Wuya na sha, ba kaɗan ba. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, na koma gona. Gyaran salula da hannu na koye shi, a rumfata ta bakin kasuwar Filinge, sai ga shi an kawo mani aikin masu boko.

Shekara ta biyu ce da sojoji suka karɓi mulki. Yayan matata, tsohon malamin lakwal da kowa ke kira Mushe, ya zo da kart memwar, ɗan katin ajiya na salula, ƙunshe a takarda. Shi ke riƙe da ƙungiyar manoman hatsi ta wajen Tabla. Ya ce akwai manhaja a ciki mai faɗin lokacin da damina za ta zauna, don kada a yi shuka a ruwan farko iri ya ƙone a ƙasa. Ranar kasuwa manoman za su kawo salulolinsu in sa masu.

Na ce, "Wa ya ba ka?"

"Wani abokina a Yamai. Kyauta ce, kuma buɗaɗɗiya ce. Masu ita ba su ɓoye komi ba, rubutun cikinta shina nan a intanet, kowa na iya karantawa."

"Kai ka karanta?"

"Ni ina na iya wanga rubutu?"

"Abokin naka hwa?"

"Kai dai ka cika gardama. Duniya duk ta gani."

"Duniya ba ta zo rumfata ba, Mushe. Kai ka zo."

Ba taurin kai ba ne kawai. A lokacin mutum na iya aika murya ɗaya cikin fushi, hukuma ta kira shi ya je ya yi bayani. Mutanen nan suna miƙa mani salula da muryar matansu a ciki, da ta 'ya'yansu da ke ci-rani, su tafi cinikinsu ba su waiwayo ba. In wani abu ya fita, da hannuna ya fita.

Babana in ya sayo bijimi a kasuwar Baleyara, ba ya sakin shi cikin garke ranar. Turke daban yake kafa mashi bayan gida, kwana bakwai, yana duban hancinsa da kashinsa. Abin da na sani ke nan, shi na yi. Na ɗauko wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi, na cire layin, na share ta tas, na sa manhajar.

Da buɗewa ta nemi sanin inda nake. Na ce to, ruwan Filinge ba na Yamai ba ne, wannan da hujja. Sai ta nemi lambobin mutanena. Sai hotuna. Sai ta nemi ta riƙa jin magana. Mi ya haɗa hadari da kunne?

Akwai wata hajiya mai shagon fotokofi kusa da tasha, tana da ordinater, wato kwamfuta, ta kuma iya Faransanci sosai. Sau uku na je, rezon intanet ba ya nan. Na huɗu ya zo. Ta nemo inda masu manhajar suka ajiye ta, tana karantawa tana juya mani da Hausa.

"Malam, sun daɗe ba su taɓa ta ba. Ga mutane nan sun rubuta ƙorafi, ba wanda ya amsa."

"Tasu ta asali mi take nema?"

"Wuri kawai."

Na ce ta duba nauyin tasu da nauyin tawa. Ta kan kart ɗin ta fi nauyi, nesa ba kusa ba. Ba sai an kai ni makaranta ba. Tsakanin masu ita da hannun Mushe wani ya buɗe ya ƙara nashi. Abin da kowa ke iya karantawa, kowa na iya taɓawa.

Da la'asar Mushe ya zo na nuna mashi. Ko kallon salular bai yi da kyau ba.

"Na riga na gaya wa mutane. Kana son in tashi maƙaryaci gaban ƙungiya? Sa masu ta asalin, to."

"Wadda masu ita suka yar? In ta lalace wa zan kira?"

"Kai da ko sunanka da ƙyar kake rubutawa!"

"Haka ne. Amma ba ni sawa."

Ya karɓi kart ɗinshi, ya ce mai gyara ba ni kaɗai ba ne a Filinge, akwai na bakin tasha. Kafin magariba magana ta riga ni gida. Matata ta aje mani tuwo ta juya mani baya.

Mai gyaran bakin tasha kuwa, shekara biyu ba mu gaisawa, tun da ya ce wa mutane batiran jabu nake sawa. Da safe ban buɗe rumfa ba. Na sa fasasshiyar salular a aljihu na tafi wurinshi, na same shi yana shara. Na ce, "Ba sulhu ya kawo ni ba. Aje tsintsiyar ka ga wani abu."