Mutumin da Ya Ɗaura Mana Fitila a Ƙeya

Kafin gari ya gama wayewa Baba Mai Faci ya riga ya buɗe rumfarsa, ya jawo bahon ruwan da yake gwada tiyub a ciki, ya rataye famfo a ƙusa. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran keke a bakin wannan titi, ban taɓa ganin ya shanye shayinsa a zaune ba. Yana kurɓa, idonsa na kan hanya. Da ya hango mai keke sai ya dire kofi ya fita da sauri.

"Kai! Tsaya! Juyo min ƙeyarka in gani!"

Baƙo zai ɗauka faɗa ne. Mu da muka saba mun san fitila yake dubawa, 'yar jar fitilar nan mai ƙyaftawa da yake ɗaura wa masu keke a bayan hular kwano.

Shekara tara ke nan da fara wannan aiki. Akwai wani mai kai burodi shaguna da sassafe, Baba ne da hannunsa ya sa masa fitila a ƙarƙashin sirdi. Bayan kwana uku babbar mota ta kwashe shi daf da rumfar. Akwatin burodin da ya ɗora a baya ne ya rufe fitilar ruf. Direban ya tsuguna a gefen titi yana ta maimaitawa, "Wallahi Baba ban gan shi ba." Mai burodin ya rayu, amma har yau ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa.

Matar Baba ta ce mako guda bai ci abincin kirki ba, sai zagaye tsakar gida yana magana shi kaɗai. Rana ta takwas ya yanko tsohon tiyub, ya ɗaure fitila a bayan wata hula. Hujjarsa gajera ce: kaya ba sa rufe kai, kuma direban babbar mota daga sama yake kallo, kai yake fara gani.

Dariya aka yi masa. Wani mai kai jarida ya ce, "Baba, so kake ka mayar da mu motar asibiti?"

"Gara ka yi kama da ita da a ɗauke ka a cikinta. Miƙo hular."

Ni ma na yi taurin kai. Malamin makaranta ne ni, na ga ba girmana ba ne in shiga gaban ɗalibai ƙeyata na ƙyafce-ƙyafce. Ya riƙe min kan keke ya ƙi saki. "Malam, yara arba'in na jiranka a aji. In ba ka isa ba, ni zan koyar da su?" Na tuɓe hular na ba shi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni labarin yammacin da ruwan sama ya tare ta a hanya. Ta ji ƙarar birki a bayanta har ta rufe ido. Direban bas ɗin ya sauko a jiƙe ya ce mata bai ga keke ba, bai ga mutum ba, jan ɗigo kawai ya gani yana motsi. Washegari ya kawo wa Baba hular ƙanensa.

Kai ne, Baba, ka ɗauki laifin da ba wanda ya ɗora maka, ka mayar da shi aiki. Kai ne ka bi mutane da gudu da tsofaffin gwiwoyinka, aka zage ka, aka ce ka cika shisshigi, ba ka fasa ba. Sarkin naci, mai gadin ƙeyar jama'a.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Ido ya yi yana, hannu ya fara rawa, 'yarsa ta ce ya isa haka, ya koma wajenta. Jiya na same shi yana ɗaure kaya yana kwancewa, ya leƙa titi ya dawo, ya sake leƙawa.

"Malam, batir mutuwa yake yi, kuma mutum ba ya ganin bayansa. Wa zai riƙa gaya musu?"

Ga amsarka yanzu, Baba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutun da ka hana kanka. Mu za mu gaya musu.

Ku kuma masu karatu, in kuna hawa keke, ku sa wani ya ja da baya taku talatin ya faɗa muku ko yana ganinku. In kuma kun tarar da mai keke a gabanku fitilarsa ta mutu, kada ku ji nauyin baki. Ku yi masa magana tun yana iya amsawa.